Hajiya Ta Yi Tsatsa

Jiya na shiga ɗakin injuna na kwalejinmu a Gusau, na tarar zanzaro ya yi gini a jikin injin sassaƙa ƙarfe. Sai marigayi malaminmu ya faɗo mini a rai. Hajiya yake kiran injin nan.

Wata Alhamis, ina ɗalibi, har na kai tashar motocin Tsafe ya biyo ni a keke, yana warin baƙin mai.

"Haka za ka bar Hajiya, duk ɓurɓushin ƙarfe? Koma ka goge ta!"

Na koma ina gunaguni.

Yanzu makullin ɗakin a aljihuna yake, ga Hajiya duk tsatsa. Wallahi kasa kallon ta na yi.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya ba ni ikon goge ta kafin mu haɗu.