Ranar da Kawu ya ari roba-roba

Har yau in na ji ƙarar roba-roba tana kukan hawa tudu, raina ɓaci yake, ko da ina tsakiyar dariya. Tawa baƙa ce, 'yar ƙarama, irin wadda 'yan acaɓa ke yi wa tsiya suna cewa ta mata ce. Da ita nake zuwa firamaren da nake koyarwa, da ita kuma nake kai Inna asibiti Kankia duk ranar da likita ya sa mata, saboda hawan jini da ciwon gwiwa.

Tsakanin ƙauyenmu, can bayan Kaikai, da titin Kusada akwai wani busasshen rafi, yashi zalla, mai faɗin tsiya. In ni kaɗai ne, ina taimaka wa babur da ƙafa in haye. In da Inna a baya kuwa, daidai wata goriba injin zai yi gurnani ya mutu, dole ta sauka. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu, tana cusa ƙafa tana zarewa, ni ina tura babur a gaba ina jin numfashinta a bayana. Ba ta taɓa cewa wash ba. Sai mun isa asibiti a gwada ta a ce jinin ya hau, in ji kamar in ɗauki babur ɗin in jefa rijiya.

Wani bakanike a Kankia, dattijo mai jan haƙori don goro, shi ya ce mini babur ɗin ba shi da laifi, injinsa ne ƙarami. Ya ce zai sa masa babbar silinda da fistan daidai da ita, ya buɗe wa kafireta hanyar mai, ya canza haƙorin baya da sarƙa ke bi, ya ga yashin da zai tsayar da shi. Na sayar da ragon da nake kiwo don layya. Wuni biyu ina zaune a bencinsa ina kallon cikin babur ɗina baje a kan buhu. Da ya gama ya taka shi sau ɗaya, wallahi muryar ma ta canza. Amma ya riƙe makullin bai ba ni ba.

"Malam, saurare ni da kyau," ya ce. "Sati biyu, ba gudu, ba kaya, ba goyo. Fistan sabo ne, sai ya saba da gidansa. Ka matsa mai, ya yi zafi ya buga, ka dawo mani da shi a amalanke."

Saura kwana goma sha shida ranar asibitin Inna, ka ga lissafi ya yi daidai. Na dinga lallaɓa babur ɗin nan kamar mai ɗauke da ƙwai. Masu keke suna wuce ni, 'yan acaɓa suna tambayata ko gawa nake rakawa. Ban kula su ba. Abin da nake hange kawai shi ne ranar da za mu wuce goribar nan Inna tana zaune.

Rana ta tara Kawu ya zo. Yayan Inna ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita. Labari ya kai masa cewa na ƙara wa babur ƙarfi, nasa kuma yana wurin gyara. Ya zauna, aka gaisa har da tambayar awaki, ya sha fura ya share gemu, sannan ya ce in miƙo makulli zai leƙa Kusada ya dawo.

A wurinmu ba a ce wa kawu a'a. Abin da ya fi wannan ma, ba a ba babba aro a bi shi da sharaɗi. In ka miƙa ka ce "amma", to ka hana ke nan, ka kuma nuna bai san abin da yake yi ba, a gaban ƙanwarsa. Duk da haka na buɗe baki, na fara cewa ai injin sabo ne. Inna tana kan tabarma tana tsince wake. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon fuskata ba. Ran nan ta ɗago ta kalle ni sosai.

"Kai wannan, ba shi mana."

Na haɗiye sauran maganar, na miƙa makulli da hannu biyu. Ni da na yi boko, ni da nake tsayawa gaban aji ina ɗaga murya wuni guda, kalma uku suka gagare ni: ba a kaya. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai.

Ashe ba leƙawa zai yi ba. Gida ya koma ya ɗaure buhu biyu na wake, ya ɗora maƙwabcinsa a sama, suka nufi kasuwa. Waɗanda suka gan shi sun ce ya murɗe totur har ƙarshe, ya keta yashin nan yana ɗaga wa mutane hannu. Ya haye kuwa. Bai kai titi ba injin ya buga. Bayan la'asar aka kawo mini babur ɗina kwance a amalanken shanu yana warin ƙuna. Kawu bai zo ba. Saƙo ya aiko, wai bakanike ya cuce ni, in koma in nemi haƙƙina.

Ban san lokacin da na isa zaurensa ba. Ko takalmi ban cire ba. Na ce masa buhu biyu da ƙato a kan roba-roba, ko jaki aka yi wa haka sai a ji tsoron Allah. Na ce ba don gayu na gyara babur ɗin ba, don ƙafar ƙanwarsa na yi, ita da bai taɓa kaiwa asibiti ko sau ɗaya ba. Ya bar ni na gama tas, yana jan carbi, sannan ya ce:

"To mi ya hana ka faɗa mani?"

Mi ya hana ni! Duk amsar da ta zo bakina zagi ce, sai na juya na fice. Kafin magariba duk ƙauye ya ɗauka: ɗan boko ya ɗaga wa kawunsa murya a kan ƙarfe. Buhunan wake kam ba wanda ya ambace su.

Bakanike ya buɗe injin ya nuna mini fistan ya manne, silinda ta karce daga sama har ƙasa. Bai yi mini faɗa ba, gara ma a ce ya yi. Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci, ya fito da tsoffin kayana da ya cire, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar asibiti ta zo. Na ɗauko gudu tun daga nesa ko Allah zai sa, amma daidai goribar nan injin ya mutu. Inna ta sauka ta cire takalmi. A tsakiyar yashin na ji takunta ya tsaya, na waiwaya na gan ta dafe da gwiwa tana haki. Na ce a raina yau dai za ta faɗi abin da ke ranta.

"In mun dawo," ta ce, "ka biya ka ba kawunka haƙuri."

Na biya. Na cire takalmi, na durƙusa a zauren nan na ce na yi kuskure. Ya ce ba komai, ƙuruciya ce, ya yafe mini duniya da lahira. Inna tana zaune a gefen tabarmarsa, tana sa bakin mayafi tana share yashi daga tsakanin yatsun ƙafarta da suka kumbura.