Manoman da Ba Su Fito a Kwamfutata Ba

Lokacin da nake karatun digiri na biyu, malamin da ke duba aikina ya ce in bar yawon ƙauyuka da takardar tambayoyi. A cewarsa zamani ya wuce nan, yanzu mutane da kansu suke zube abin da ke ransu a shafukan sada zumunta, nawa kawai in kwaso in tace. Ni ɗan Tudun Kaya ne, don haka na zaɓi Karaye da Rogo, ina so in gano abin da ya fi damun mutanenmu da damina.

Wata huɗu na yi ina tara rubuce-rubucen jama'a. Tun ba a je ko'ina ba manhajar da nake aiki da ita ta fara ba ni ciwon kai. Duk wanda ya ce yana Yola sai ta ɗauke shi ta kai Adamawa, ba ta san da Yolarmu ta Karaye ba. Haka na zauna ina dawo da mutane gida ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma wajen gane mai murna da mai fushi. Wani ya rubuta, "Madalla da wannan taki, gyaɗa ta ƙone ƙurmus," ta jera shi cikin masu godiya. Wata ta ce "Allah ya isa," ta ɗauka addu'ar alheri ce.

Da na gama tacewa, abin da ya fito shi ne mutanenmu ƙwallo ce ta fi damunsu, sai siyasa, sai gaisuwar Juma'a. Noma yana can ƙasa. Mata kuwa kamar ba a haife su a yankin ba.

Hankalina bai kwanta ba, sai na hau mota zuwa Rogo Sabon Gari wajen kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya tsufa cikin noman gyaɗa da masara. Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyara ƙotar fartanya. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya, sannan na buɗe kwamfuta na karanta masa abin da na gano.

Ya dube ni ya ce, "Wa ya faɗa maka ƙwallo ce ta dame mu?"

Na ce, "Kawu, abin da mutane suka rubuta ke nan."

"Waɗanne mutanen?"

Ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, ya shiga wani zauren hira na cikin waya, na manoman unguwarsu, ya fara danna saƙonnin murya. Wani yana cewa tsutsa ta cinye masa masara har zuciya. Wani yana tambaya ko an yi ruwa ta wajen Karaye, don su kwana goma sha ke nan ba ɗigo. Wani dattijo muryarsa na rawa yana cewa ya sake shuka karo na biyu. Babu wanda ya rubuta ko harafi ɗaya.

Na ce ya bari in kwafe su in sa a bincikena. Ya mayar da wayar aljihu.

"A'a. Wannan kuka ne tsakanin 'yan uwa. Ba su yi don a kai jami'a a karanta ba."

Gaskiya ya faɗa, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Kafin in tashi matarsa, da muke kira Inna, ta kawo mini ƙuli-ƙulin da take yi na sayarwa. Ta leƙa kwamfutar, ta ga hoton wani saurayi a kan babur, ta ce, "Kai, ina ka samo ɗana?" Shafin nan yana cikin waɗanda suka fi yawan magana a duk abin da na tara, manhaja ta sa shi cikin matasa masu zafin siyasa. Ashe babban ɗanta ne, da zai tafi aiki kudu ya bar mata tsohuwar wayarsa da shafin a buɗe.

Na ce, "Inna, ke ce kike yaɗa maganganun 'yan siyasar nan?"

Ta ce, "Ni ban san me suke cewa ba. Duk abin da ya fito dannawa nake, don in ya gani ya san ina nan lafiya."

Na koma wajen malamina da wannan labari. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da nake nema ba sa cikin abin da na tara. A ba ni damina ɗaya in je in zauna da su."

Ya saurare ni har ƙarshe, ba mugun mutum ba ne. Sannan ya nuna mini kalandar da ke bango. Ya ce in rubuta sakin layi ɗaya a babin ƙarshe, in ambaci cewa binciken yana da iyaka, in miƙa. Na sake roƙo. Ya ce in na ƙara shekara sai dai in nemi wani ya duba ni.

Na rubuta sakin layin. Kawu da Inna da dattijon nan mai sake shuka, duk a cikinsa suka ƙare, layi bakwai.

Ranar kare aikin an yaba zane-zanen da na yi. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya ce abin sha'awa ne a ce ƙauyawa sun fara juya wa noma baya, lallai in buga a mujalla duniya ta sani. Na buɗe baki zan yi bayani, malamina ya ɗan girgiza mini kai. Na ce na gode, na tattara takarduna na fito. Har yau ban aika wa kowace mujalla ba.