Injinan Ban Ruwa Ashirin na Maruta

Na yi shekara ashirin da shida ina aikin malamin gona, amma har gobe ban manta da wata ranar Talata da kwamfuta ta fitar mana da sunaye uku daga gida ɗaya ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku ne nake so ku ji labarin.

A lokacin ina mataki na takwas, ina aiki da wani shirin tallafa wa manoman rani. Ofishinmu yana Birnin Kudu, amma muna kula har da Gwaram. Shugabarmu ita ce Hajiya Asabe, mace marar yawan magana, wadda ta karanta lissafi kafin ta shigo harkar gona. Bayan an gama girbi aka aiko mana da injinan ban ruwa ashirin don mazaɓar Maruta, alhali manoma ɗari biyu ne suka yi rajista. Duk sun cika sharaɗi: kowa yana da fili a fadama, kowa ya taɓa noman rani.

Ga wanda bai san tsarin ba, idan masu cancanta suka fi kayan yawa, ƙuri'a ake yi. A da takardu muke naɗewa mu zuba a hula. A shekarar sai hedikwata ta ce a koma kwamfuta: a ba kowane manomi lamba, a shigar, a danna sau ɗaya a gaban shaidu, ta fitar da lambobi ashirin. Haka muka yi a ofis, gaban wakilin dagaci da sakataren ƙungiyar manoma. Suka sa hannu suka tafi da lambobin, ni kuma na zauna ina haɗa kowace lamba da sunan mai ita.

Nan na ga matsala. Malam Haruna, mai makarantar Islamiyya a Maruta, ya fito. Ƙaninsa ya fito. Babban ɗansa ma ya fito. Ga shi kowa ya san a gidansa nake sauka in na je rangadi.

Na shiga wajen Hajiya na rufe ƙofa. Na ce, “Ranki ya daɗe, mutanen nan ba za su yarda ba. Mu kira shaidun mu ce na'ura ta sami matsala, a sake dannawa. Ai ba wanda muka zaɓa.”

Ta ɗago ta dube ni. “Malam Sabo, in ta sake fitar da wanda bai yi maka ba fa?”

“Sai mu ga yadda za a yi.”

“To ka ga ke nan. Dannawar farko ƙuri'a ce. Daga ta biyu kuwa, kai ne kake zaɓa, ba na'ura ba. Kai musu sunayen yadda suke.”

Washegari na kai. Ban gama karantawa ba aka fara hayaniya a ƙofar gidan dagaci. Wani manomin tumatir, Ɗanladi, ya miƙe ya nuna ni da yatsa. Ya ce tuwon da nake ci a gidan Malam ne ya shiga cikin kwamfuta. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce za su kai ƙara hedikwata. Malam Haruna yana zaune, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba. Na hau babur na dawo Birnin Kudu ina tunanin takardar tuhuma, don a aikinmu zargin son kai a rabon kaya yana iya raba mutum da kujerarsa.

Hajiya ta saurare ni har na gama. Ba ta yi faɗa ba. Ta aika Kano aka sayo ƙwallayen tebur, irin farare ƙananan nan marasa nauyi, muka kwana biyu muna rubuta musu lamba ɗaya zuwa ɗari biyu. Kowace sai ta mirgina ta a tafin hannu. Wadda ta lotsa ko ta tsage sai ta jefar, a sake wata. Na tambaye ta dalili.

Ta ce, “Hannu yana da wayo. In ya ji wadda ta bambanta, zai kama ta ko ya guje mata. Ƙwallo kowa yana ganin sa, amma ana iya yi masa alama. Kwamfuta ba ta jin komai, amma ba mai ganin cikinta. Kowanne da inda ake tsoronsa. Ko masu shirya caca a ƙasashen waje, wasu da ƙwallo suke yi, wasu da na'ura, kuma wannan gardamar suke sha.”

Ranar Asabar da hantsi muka isa Maruta da ƙwallayen a cikin durom ɗin roba mai murfi. Hajiya ta gaida dagaci da dattawa, sannan ta tsaya ta ce ba ta zo soke ƙuri'a ba, ta zo ne su gwada da hannunsu. Ta yi bayani a hankali: mutum ɗari biyu, inji ashirin, wato cikin kowane goma mutum ɗaya ne zai samu, ko da ƙwallo aka yi ko da kwamfuta. Gidan Malam kuma mutum goma sha biyu ne suka yi rajista, don babban gida ne.

Wani dattijo ya ce, “Hajiya, wannan ba caca ba ce kuwa?”

Liman ne ya amsa masa. Ya ce ba wanda ya zuba komai don ya ci na wani; rabo ne tsakanin masu haƙƙi iri ɗaya, kuma ƙuri'a a irin wannan halas ce.

Hajiya ta kira Ɗanladi da kansa. Aka mirgina durom ɗin a ƙasa, ya kau da kai, ya zaro ashirin ɗaya bayan ɗaya, ina karanta sunaye. Gwaji ne kawai, ba rabo ba. A zagayen farko ba abin da ya ja hankali. A na biyu mutum biyu suka fito daga gida ɗaya. A na huɗu kuwa Ɗanladi ya zaro mutum uku 'yan gidan Sarkin Noma, biyu ma a jere. Sai wani daga baya ya ce, “Ɗanladi, kai kuma tuwon wa ka ci?” Aka fashe da dariya, har shi.

Hajiya ta jira aka natsu. Ta ce, “Mu mutane in an ce a raba, gida-gida muke bi don kowa ya ji daɗi. Ƙuri'a ba ta san gida ba. In kuka ga kullum tana fitowa a shirye, ɗaya nan ɗaya can, to a nan ne ya kamata ku yi zargi.”

Na ɗauka magana ta ƙare, sai Malam Haruna ya miƙe. Ya ce ya gode da aka wanke shi, amma shi da ɗansa sun janye. Ƙaninsa kaɗai zai karɓa, su yi amfani da inji ɗaya tare.

Hajiya ta ce, “Malam, haƙƙinku ne. In kun janye wani zai ce da ma akwai lauje cikin naɗi.”

Ya ce, “Hajiya, da na janye ran Laraba, haka za a ce, shi ya sa na yi shiru. Yau kowa ya gani da idonsa. Fadamarmu a haɗe take, inji ɗaya ya ishe mu. Akwai wanda bokiti yake ja tun asuba.”

Ta sa na rubuta a rahoto cewa ƙuri'ar farko tana nan daram, kuma janyewar ta son rai ce. Dagaci da liman suka sa hannu. Sannan aka cire lambobin duk waɗanda suka riga suka samu, aka zaro biyu daga sauran, wannan karon na gaske. Ɗaya ya faɗa wa wata bazawara mai noman albasa da 'ya'yanta, ɗaya kuma wani mutumin ƙauyen gefe. Ɗanladi bai samu ba. Ya zo har wajen babur ɗina ya riƙe hannuna ya ce, “Malam Sabo, ka yafe mini, bakina ne ya riga hankalina.” Na ce ya wuce.

Daga wannan shekara Hajiya ta rubuta wa hedikwata, aka amince cewa duk ƙuri'ar da za mu yi, ta ƙwallo ce ko ta kwamfuta, a garin masu ita za a yi, a bainar jama'a, kowa ya san lambarsa tun kafin a fara.

Abin da na koya shi ne, manomi yana iya haƙura da rashin samu. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne a yanke masa hukunci a ɗakin da bai shiga ba. Kuma a duk waɗanda suka shiga wannan lamari, ba kwamfuta ce ta kusa yin maguɗi ba, ba Malam Haruna ba ne. Ni ne, da kyakkyawar niyyata, a ranar da na rufe ƙofa.