Igiyar Tama Husung

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, ina cikin auna jinin wata tsohuwa a ɗakin shan magani na ƙauyenmu da ke duwatsun Nantou, aka leƙo ta taga aka ce mini Tama Husung ya riga mu gidan gaskiya. Shekarunsa saba'in da tara. Na ƙarasa awon, na sallami matar, sannan na zauna.

Ba kai ka haife ni ba, amma ban taɓa kiranka da wani suna ba sai Tama, kamar yadda nake kiran mahaifina. Tun da ka ajiye bindigar farauta, gari bai taɓa wayewa ba tare da an gan ka ka kama tsohuwar hanyar dutse da karnukanka ba, kana kwance tarkunan waya da marasa imani ke ɗanawa a cikin gora. A irin wannan tarko ka tsinci Tumaz, baƙar karyar nan, ka saɓo ta a kafaɗa har teburin aikina. Na ce maka nan wurin mutane ne. Ka ce, "Wa ya gaya miki ba mutum ba ce? Ta fi surukina hankali." Na ɗinke ta ina mita. Ta rayu da ƙafa uku, kuma ba a yi karen da ya riga ta kaiwa ƙololuwa ba.

Duk Asabar mutanen birni kan zo hawan dutse da karnukansu, su same ka a bakin hanya da gasasshen dankali da shayin citta, kana raba musu kyauta. Suna yawan gardama a gabanka, wasu su ce zalunci ne a ɗaure kare a daji, wasu su ce ganganci ne a sake shi. Kai naka a sake suke tafiya, amma igiya ba ta barin aljihunka. Ka kan ce kare ya san hanyarsa, don mai karen aka yi igiya. Na ɗauki maganar barkwanci ce, sai shekara shida da suka wuce.

A watan Afrilun shekarar, wani malamin makaranta daga Taichung, Malam Liao, ya zo da matarsa da wani farin kare da suke kira Awara. Ya kwance karen don ya ɗauke shi hoto, karen ya hangi gada ya bi ta cikin gora, shi kuma ya ce wa matarsa ta jira shi minti biyu, ya bi bayan karen, bai dawo ba. Kwana uku 'yan kwana-kwana da samarin ƙauye suna nemansa. Da safiyar kwana na huɗu ka tsaya a ƙofata ka ce, "Savi, ɗauko jakarki. In da rai, ki yi aikinki. In babu, ki taya ni addu'a."

Wajen ƙarfe sha ɗaya gajimare ya sauko mana a kan tudu na biyu, har na daina ganin takalmina sosai. Tsuntsaye suka yi tsit lokaci guda. Ka zaro igiyar, ka ɗaura bakinta guda a wuyan Tumaz, ɗayan a tsintsiyar hannunka, ka ce in riƙe bayan rigarka. Ba mu yi nisa ba na ji an kira ni daga hagu, can ƙasa kaɗan. Muryar mahaifiyata ce, wadda muka binne shekara biyu kafin nan. Ba da ƙarfi ta yi kiran ba. Irin kiran da take yi ne idan ta sauke tukunya. Ban san na saki rigarka ba, sai da na ji hannunka a kafaɗata.

"Kin ji wani abu?"

"Na ji."

"Dubi kunnen karyar."

Na duba. Tumaz na sansanar ƙasa, kunnuwanta a kwance. Aka sake kiran, ko motsi ba su yi ba. Ka shuri wata tsakuwa da ƙafa, nan take suka miƙe.

"Abin da kare bai ji ba, ba a amsa shi," in ji ka.

Na tambaye ka ko kai ma kana ji. Ka ce kullum aka yi irin wannan hazo. Na ce muryar wa? Ka ce in kula da santsi.

Tumaz ce ta kai mu wurin Malam Liao. Tsakaninsa da jan ƙyallen da masu nema suka ɗaura a jikin itace bai fi taku ashirin ba, kuma sau biyu suna bi ta wurin da ihu da usur. Yana zaune a natse, ya tuɓe takalmansa ya jera su gefe guda, kamar mai shiga gidan mutane. Bakinsa cike yake da ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Awara na kwance a kan ƙafafunsa, duk haƙarƙari a waje. Ƙafar wandon mutumin ta yage har gwiwa, ga shatin haƙora a idon sawunsa, wasu sun bushe, wasu sababbi.

Da na wanke masa baki na ba shi ruwa, sai ya ba mu haƙuri cikin ladabi. Ya ce wata tsohuwa ce ta sauke shi, tana ta ba shi shinkafa da kaza. Ya ji masu kiransa sarai, amma ta ce ba a magana ana cin abinci. Tana ta cewa ya shigo ɗakin ciki ya huta, wannan karen marar tarbiyya ne ya hana shi tashi. Ya nuna mana ƙofar ɗakin da yatsa. Daga wajen ne aka kira ni ɗazu. Da gajimaren ya yaye, na ga babu komai a wurin sai iska, da kogi can ƙasa kamar zare.

Ni malamar asibiti ce. Na san ƙishirwa da sanyi kan sa mutum ya ga abin da babu, kuma haka na rubuta a rahotona. Sai dai ni na karya kumallo a ranar, kuma da rigar sanyi a jikina.

Ba ka yi masa dariya ba, ba ka kuma yi masa faɗa ba. Ka tsiyaya shayi kaɗan a ƙasa, ka fuskanci gorar ka ce, "An gode da riƙon baƙo, za mu tafi da shi." Sannan ka cire hula ka yi addu'ar da muke yi a majami'a. Kana da shekara saba'in da uku ka goya ƙaton mutum har bakin hanya, ni kuma na rungumo karensa. Da matarsa ta tambayi abin da za ta saka maka da shi, cewa ka yi kada a ƙara tsawata wa Awara har ya mutu, ko da kan gadonsu ya hau.

Ɗanka Biung ne ya same ka ranar Talatar, da rana tsaka, a inda kake yada zango ƙarƙashin babban itacen nan. Sararin sama tas yake, ana hango ƙauyuka uku. Kana zaune ka jingina, hularka a cinya. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, kuma na yarda da shi. Amma Biung ya ce igiyar na ɗaure a hannunka da wuyan Tumaz, abin da ba ka taɓa yi ba sai cikin hazo. Sauran karnukan uku suna kwance sun kewaye ka. A ƙasa kuma ga sawun ƙafa uku ya nutse, inda ta turje tana ja da baya. Ban san abin da ka ji ba, ba kuma zan ƙara wa mutane tsoro da hasashe ba. Abin da na sani shi ne ba ka bar kan hanya ko taku ɗaya ba. Ka zauna inda za a same ka, ka jira kiran da babu mai ƙinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Biung da ƙannensa mata, da jikokinka, da Malam Liao wanda ya tuƙo mota tun daga birni ya ɗauki akwatin gawarka tare da 'ya'yanka. Musamman kuma ga Tina Abus, matarka ta shekara hamsin da huɗu. Da muka dawo daga maƙabarta na zauna kusa da ita ina hawaye. Ita ce ta dafa gwiwata ta ce, "Bar kuka, 'yata. Tun da na aure shi, yau ne kaɗai yamma ta yi na san inda yake."

Allah ya ji ƙanka, Tama. Ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa mutane da dabbobi, ya sa ka huta. Allah ya ba iyalinka haƙurin rashinka, ya tsare duk mai hawa dutsen nan har ya sauko gida. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau. Amin.