Yaya Kunjappan, Mai Tulun da Ke Mayar da Mu Gida

Kafin in ɗora ruwan shayi, Yaya Kunjappan ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa. Haka muke da shi a lungun nan na bayan kasuwar Manama tun gashina yana baƙi. Zai yi shara, ya kunna 'yar fitilar mai a gaban hoton mahaifinsa, ya taɓa injin juya katako ya kai hannun goshi, sannan ya ɗaure guntun itace ya tayar da injin. Daga nan sai ƙara, sai garin katako yana tsallako titi har cikin kofunana. Na yi ƙorafi har na gaji.

"Suku," in ji shi, "shayin naka da ma ba ɗanɗano. Taimakonka nake yi."

Aikin da yake ci da shi ƙafafun kujera ne da sandunan matakala, amma ba don su na ɗauki alƙalami ba. Mu 'yan jihar Kerala ta Indiya, mabiya addinin Hindu, idan namu ya cika a nan Bahrain, ƙona gawar ake yi, a kai tokar gida, ɗansa ya zuba ta a teku ko a kogi. Wanda tokarsa ba ta isa ruwan gida ba, a wurinmu bai gama tafiya ba. Tulun tagulla da muka saba da shi kuwa, na'urar filin jirgi ba ta ganin cikinsa, kuma wa zai yarda a buɗe ubansa a kan teburin bincike? Na katako ana ganin cikinsa, shi kuma Kunjappan ke yi. Shi ya sa duk wanda aka yi wa rasuwa, lebura ne ko attajiri, ƙarshenta lungunmu yake zuwa, ya riƙe kofin shayina har ya huce, yana jiran Kunjappan.

Ba ya sa ƙarfe a jikin itace sai ya tambayi wane ne mamacin. Akwai wani mai gadi da ba shi da kowa a nan sai abokan ɗaki. Kunjappan ya yi masa tulu da ragowar katakon jirgin ruwa, ya zagaye wuyan da furen bado, ya goge shi har kana ganin fuskarka. Na ce, "Yaya, duk wannan adon wa zai gani?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Uwarsa."

Bara, ana daf da damina a gida, Thankamani ta zo. Aikatau take yi a wani gida a Muharraq. Mijinta Velayudhan direban motar ruwa ne, zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki. Ita kaɗai za ta ɗauke shi zuwa bakin teku a Varkala, inda ɗansu da tsohuwar uwar mijin ke jira. Da aka miƙa mata tulun ba ta dubi adon ba. Murfin ta taɓa, ta ji yana motsi.

"Yaya, murfin nan ai rawa yake yi."

"Haka na yi shi, ƙanwata."

"Haka ka yi shi? Don ka ga 'yar aikatau ce? In ya zube mini a jirgi, da tsintsiya zan kwashe mijina? Sa masa gam ka manne shi."

Ni da ke tsaye da buta na ce yau za a yi ta, don mutumin nan ka zagi gemunsa ya yi dariya, amma ba a taɓa aikinsa. Sai na ga ya kashe inji, ya jawo mata kujera.

"Zauna ki ji. Farkon da na fara, na yi wani tulu, murfin ya zauna cif, ko iska ba ta shiga. Ina ta jin kaina. Itace ne da ya sha ranar ƙasar nan ya bushe ƙayau. Da ya isa gida ya shaƙi damina, sai ya kumbura. Ɗan mamacin yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, an gama addu'a, murfi ya ƙi. Da dutse ya fasa tulun ubansa a gaban dangi. Har yau in na tuna, abinci ba ya wuce mini."

Ya tsallako shagona ya ɗebi fulawar da nake burodi da ita, ko izini bai nema ba. Ya cika wani tulun, ya narka kakin zuma ya zagaye bakin murfin, ya ɗaure da farin ƙyalle, ya kifa shi a kan mayafinta yana girgizawa. Ko ƙura ba ta fito ba. Duk da haka ta tafi da tulunta ba ta ce masa ko sannu ba.

Kwanakin da suka biyo baya ko tsokanata bai yi ba, na san abin yana cinsa. Sai ran nan da hantsi wayata ta yi ƙara, don shi in inji na juyawa ba ya jin tasa. Abin da na fara ji ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, sannan muryar Thankamani daga gida.

"Suku, ba Yaya wayar." Na ruga na kai masa, na tsaya ina saurare, ba zan ɓoye ba. "Yaya, ya buɗe. Yaro ya kankare kakin da farce, ya murɗa, ya buɗe. Murfin ya zauna daidai kamar a nan ka auna shi. Tsohuwa ce ta riƙe shi a cinyarta tun daga gida, tana ta shafawa, ta ƙi ba kowa."

Abin da ya ce kawai shi ne, "To." Ya shiga baya ya daɗe yana wanke fuska.

Yaya, kai ne ka san ba a nan aikinka yake ƙarewa ba, sai a hannun maraya a bakin ruwa, inda ba wanda zai ambaci sunanka. Kai ne rakiyar wanda ba shi da mai rakiya. Mun zo ƙasar nan neman abinci, kowa da tsoron mutuwa nesa da gida a ransa, ni ma ina da shi. Kai ka rage mana shi, mun gode.

Ƙarshen watan nan zai bar aiki ya koma gida, ido ya yi rauni. Injin bai sayar ba, ya bar wa wani kafinta, Sasidharan, da ke zuwa koyo duk Juma'a, wanda tulunansa har yanzu sun fi kama da turmi. Hannu ɗaya ba zai isa ba. Kafintocinmu, ga ku nan birjik a garin nan, ku leƙo kafin tsohon ya tafi, shayin koyo a kaina.

Jiya na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya yi wa kansa tulu ya ajiye. Ya harare ni ta saman tabarau.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi, Suku. Ni kujerar jirgi na saya, ta bakin taga. Da idona zan ga ruwan Kerala."