Kunnen Owu

Sau ɗaya Ladipo mai aski ya taɓa ja da matarsa Abeke a gaban jama'a, kuma ya sha ƙasa. A ranar, ta shigo shagonsa na unguwar Mokola rungume da farin ɗan kwikwiyo, gashi buzu-buzu, wanda ƙanwarta ta aiko mata daga Legas. Ta sa masa suna Owu, wato auduga.

"Baba Sade," ta ce da mijin, "an ce da ya gama allurai a fara saba masa da mataji da inji."

"Injin da ke hawa kan manyan Ibadan ba zai hau kare ba."

"Waɗanne manya? Mai sanƙon nan da kake aske wa iska?"

Mai sanƙon na kan kujera, shi ya fi kowa dariya. Ladipo ya ce to, ya ji. Amma kun san "to" ɗin maza, a baki take kwana. Damina ta zo ta wuce, gashin Owu ya cukuikuye kamar cikin tsohuwar katifa, kaska ta samu gidan haya.

Da abin ya ishe shi, sai ya yi wa karen yadda yake yi wa yaro mai kuka ranar askin fari: ya matse shi tsakanin gwiwoyi, ya kama haɓa, ya kunna inji a gindin kunne. Owu bai taɓa jin wannan ƙara ba. Ya fizge, inji ya ci bakin kunnen. Hannu kuma ya riga tunani, Ladipo ya dangwala masa sifirit kamar yadda yake yi wa kowace ƙeya.

Kunne ya warke da ɗan giɓi. Owu yana wasa da kowa, har mai sanƙo, amma da ya ji takun Ladipo sai ƙarƙashin benci. Abeke ba ta taɓa cewa "na faɗa maka" ba. Muguwa ce, waƙa kawai take rerawa tana tuƙa amala.

Tun daga nan mutumin da ya ce injinsa ba zai hau kare ba ya kafa tebur a bayan shago, ya koma wanzamin karnukan unguwa. Zuwan farko ba ya yanke ko sili ɗaya. Ɗan kwikwiyo ya shinshina mataji, a taɓa masa ƙafafu da kunnuwa, a kunna inji daga nesa, a ba shi gutsuren kifi, a sallame shi. Sauran kifin yakan ajiye shi bakin benci, ya juya baya. Sai ya fita Owu ke ci.

Wata Asabar Madam Yewande mai shagon leshi ta sauke masa kwikwiyonta, za ta biki da shi.

"Baba, a aske shi tas, yanzu."

"Ya taɓa jin inji, Anti?"

"Yau zai ji."

"Ba a hannuna ba. Yau gaisawa za mu yi."

"Gaisawa? Surukinka ne? Kare ne fa, gobe ya manta."

Ladipo ya nuna mata ƙarƙashin benci, inda idanu biyu ke leƙensa.

"Sunkuya ki gaya wa wancan, Anti. Gashin da na aske masa tuni ya tsiro. Har na yi furfura ina jiran ya manta."