Ranar da Na Naɗe Tanti a Gaban 'Yata

Ni ne mai laifi a labarin nan. Gara in faɗa tun farko, kada wani ya karanta rabi ya fara tausaya mini.

Shekarun baya, lokacin 'yata tana da shekara goma sha biyu, muna zaune a Minguettes, cikin Vénissieux kusa da Lyon, a hawa na tara. Ni ina aikin ɗaukar kaya a wani sito, matata tana sharar ofisoshi da sassafe. Matata 'yar mai garka ce. A fadamar wajen Maradi ta tashi, cikin albasa da salati da laka. Da na kawo ta Faransa sai na ɗora ta a saman bene, inda ko ƙasar takawa babu sai siminti. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Bokitan fenti ta samo ta cika da ƙasa, ta shuka na'ana'a da yakuwa a baranda, kullum da la'asar tana kansu kamar mai jinya.

Wata rana ta kawo mini takarda. Wata mata ce, haifaffiyar nan amma iyayenta 'yan Kamaru, take da ƙungiya mai kai iyalan baƙaƙen fata hutun kwana uku a duwatsun gabas da Lyon. Dalilinta shi ne irinmu ba ma zuwa waɗannan wurare, in ma mun je mu kaɗai sai a yi ta kallonmu, to gara a tafi da yawa. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, karatun Faransancina bai taka kara ya karya ba, kuma girman kai ya hana in ce 'yata ta karanta mini. Na riƙe takardar kamar wani alƙali, ban ko juya bayanta ba, na ga hoton duwatsu da wani gidan katako, na ce to, mu je. A zatona ɗakuna za a ba mu.

Akwai abin da na ɓoye musu. Lokacin da na fara zuwa ƙasar nan, na bar matata a gida da jaririya a baya. Na ce mata a Saint-Denis na sauka, gefen Paris, gidan wani Alhaji ɗan garinmu mai fataucin kaya. Ƙarya ne. Alhajin ya ba ni abinci sau ɗaya, ya yi mini addu'a, ya raka ni bakin ƙofa. Wata bakwai na yi ina kwana a tanti a bakin ruwa, ƙarƙashin gada, tare da 'yan Sudan da 'yan Afganistan. Irin tantin nan ne da yake cikin jaka mai zagaye, ka jefa shi sama ya buɗe da kansa. Buɗe shi yaro ma ya iya, naɗe shi ne aiki. Mu kuwa dole muka iya, domin in aka zo tashinmu da safe, wanda bai naɗe nasa da sauri ba yana kallo za a jefa shi cikin motar shara. Duk Juma'a nakan wanke riga, in tsaya gaban wani gini mai kyau a ɗauke ni hoto, in aika gida.

Ranar tafiya, a tsohuwar motata muka je. Matata ta yi dambu da soyayyen nama kamar za mu Agadez. 'Yata tana baya tana ta waƙa. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Mamana nake kiranta.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Fili ne kore a gindin dutse, da rafi mai sanyi, da shanu masu ƙararrawa a wuya. Iyalai sun kai goma sha biyar, 'yan Mali, 'yan Senegal, 'yan Kongo, da wasu da ban gane ƙasarsu ba. Kafin in kulle mota matata ta cire takalmi ta shiga rafin. Ta ɗebo ƙasa a hannu ta shinshina.

"Malam, zo ka ji. Wallahi kamar garkar Baba bayan ruwan farko."

Na daɗe ban ga haƙoranta duka a waje kamar ranar ba.

Ni kuwa idona yana wani wuri. Gidan katakon nan ashe madafa ce da banɗaki kawai. A gabansa an yi layi, baƙaƙen mutane riƙe da jakunkuna, wata tana zaune da takarda tana kiran suna, wani yana miƙa wa kowa jaka mai zagaye da bargo. Na san wannan layin. Har warin robar na sani. Na daure na shiga layin, na karɓi tamu. 'Yata ta fizge ta jefa sama, tantin ya buɗe, ta yi tsalle tana tafi.

Da a nan aka tsaya, wataƙila da na haƙura na kwana. Sai wani ɗan Senegal mai ƙaton ciki ya buɗe nasa a kan tururuwa, aka ce ya naɗe ya matsa gaba. Ya kama nan, can ya ɓalle. Ya danne da gwiwa, tantin ya tashi ya buge shi a fuska. Matarsa tana cewa da ma ko tabarma bai iya naɗewa ba, kowa yana dariya. Ni ban san lokacin da na ƙarasa wurin ba. Hannuna ne ya yi aikin, ba ni ba. Na haɗa bakin biyu, na murɗa, na danne, na zura a jaka, na ja zif. Ko numfashi uku ban yi ba.

Aka yi tafi. Matar mai ƙungiyar ta taso tana dariya, ta ce da Faransanci, "Ashe muna da gwani a cikinmu. Tonton, kawunmu, ranar komawa kai za ka koya wa kowa. Ni shekarata huɗu ina fama da abin nan."

'Yata ta rugo ta riƙe hannuna, fuskarta cike da alfahari. "Baba, a ina ka koya?"

Tambaya ce ta yarinyar da ta ga ubanta ya burge mutane. Ni kuma sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Abin da na faɗa, har yau ina jin kunyarsa. Na juya kan matar nan da Faransancina mai karaya, na ce ta tara baƙaƙen fata tana kwantar da su a ƙasa kamar dabbobi don Turawa su ɗauki hoto. Na ce mu ba 'yan gudun hijira ba ne, muna da gida, muna da takardu. Babu Bature ko ɗaya a wurin, sai wani tsoho mai shanu can nesa. Matar ba ta rama ba. Ta ce kawai, "Tonton, zo mu zauna mu sha shayi tukuna." Na wuce ta, na je na naɗe namu tantin, da jakar 'yata a ciki sai da na zazzage ta a kan ciyawa.

Matata ta fito daga rafi, ta zo kusa da ni, ta yi ƙasa da murya don kada a ji.

"Malam, kwana ɗaya kawai. Gobe da safe sai mu tafi. Dubi yarinyar nan."

Na ce, "In daji kike so, in saya miki tikiti ki koma ƙauyenku."

Da Hausa na faɗa, amma ko wanda ba ya jin Hausa ya gane. Ta dube ni. Ta sa takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙafa, ta ɗauki kwanon dambun ta miƙa wa matar ɗan Senegal, ta shiga mota. Awa biyu muka yi a hanya kafin mu iso gida.

Washegari ta yi mini abin kari kamar kullum. Ni kuma na ɗauka maganar ta wuce, tunda ba a tayar da ita ba. Haka nake, in aka yi shiru sai in ce an yafe. Da bazara ta zagayo na ga irin takardar a akwatin wasiƙa. Da yamma na gan ta a kwandon shara, ba a ko buɗe ba.

Bayan shekara biyu ciwon hanta ya kama matata. Wata biyar ta yi tsakanin gida da asibiti. Ɗakin da aka kwantar da ita na ƙarshe yana sama, in gari ya waye garau ana hango duwatsu can gabas. Ta roƙi masu jinya suka juya mata gado ya fuskanci taga. Na gane, amma abin da na iya cewa shi ne, "In kin warke zan kai ki." Ta ce, "Allah Ya kai mu, Malam." Sau uku ina shirya maganar neman gafararta a cikin tiram, in na shiga sai in tarar da 'yan dubiya, in ji daɗi a raina cewa yau ma ba dama. Ranar Talata ta rasu, ina wurin aiki.

'Yata ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Ta gaishe ni, ta dafa, ta wanke, ta shiga ɗaki. Da ta gama sakandare ta zaɓi jami'a a Saint-Denis, alhali ga jami'o'i a Lyon. Wayarmu ba ta wuce minti biyu. Ina wuni, lafiya, ya aiki, ya sanyi, to sai an jima. Shuke-shuken bokitan baranda na yi ta ba su ruwa har suka ruɓe, domin ban san ruwa ma yana kisa ba.

Masu karanta ni a nan Turai da yawa kun kwana inda na kwana, na sani, ko ba ku faɗa ba. Ba wa'azi zan yi muku ba, ban kai ba. Abin da na gani a kaina kawai shi ne, na ɗauka ina kare mutuncina ne, ashe tsorona nake karewa, kuma waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su suka biya. Mace ta bar ƙasarta ta biyo ni, shekara tara tana kallon siminti, ta roƙe ni kwana ɗaya a kan ciyawa na hana. Babu sadakar da na yi mata da ta cire mini wannan daga ƙirji. Ban zaci akwai ranar da zai fita ba.

Bara, bayan ƙaramar salla, na hau jirgin ƙasa na tafi Paris ban sanar da ita ba sai da na iso. Ɗakinta ƙarami ne, kujera ɗaya, ta ba ni ita ta zauna a bakin gado. Ta kawo ruwa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo irin ta baƙi. Sannan na ce, "Mamana, kin taɓa yi mini tambaya ban ba ki amsa ba." Na gaya mata komai, da gadar, da layin, da motar shara, da hoton Juma'a. Kaina a ƙasa na yi maganar.

Da na gama sai ta ce, "Baba, na sani."

Na ɗago.

"Mama ce ta gaya mini, a asibiti. Ita tun muna Maradi ta sani. Matar Alhajin ta zo biki gida, Mama ta je yi mata godiyar riƙonka, matar ta ce sau ɗaya ta taɓa ganinka. Mama ta yi ta tambayar masu dawowa har ta gane inda kake kwana. Ko Kaka ba ta gaya wa ba. Hotunanka ta riƙa nuna wa mutane."

Na ce, "Ba ta taɓa nuna mini ba."

"Ta ce in ka san ta sani, ba za ka iya kallonta ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Har ta rasu tana cewa laifinta ne. Wai ita ta ga hoton tantin a bayan takardar, ta ɗauka abin ya wuce maka. Ta ce in daina fushi da kai. Na yi ƙoƙari, Baba. Ban iya ba."

Na sauko daga kujerar na zauna a ƙasa. Ta ce in tashi, ba kyau. Ban tashi ba.

Na ce, "Ba laifinta ba ne, ko kaɗan. Nawa ne. Ita na makara, ba ni da inda zan same ta sai gaban Allah. Ke ce kika rage mini. Ban ce ki daina fushi ba, kina da gaskiya. Na kunyata ki a gaban mutane ranar da kike alfahari da ni, na hana uwarki abu ɗaya tak da ta taɓa roƙona. Mamana, na yi kuskure. Ki yi haƙuri."